Muryar Baba Nomau a Ƙarƙashin Iska

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kai ni Kano ya maido ni da ƙafafuna. Tun da na dawo ban sha fura cikin natsuwa ba. A kasuwar Dakoro a tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni, kowa tambayarsa ɗaya: "Malam Habu, mi ka gano can?" Na faɗa har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda ya kai labarin gaba sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya wani ya ce mini wai an ce matacce ya tashi ya gaishe ni. Shi ya sa na zauna na rubuta da ajami yadda na iya, ɗan ƙanwata Isufu ya mayar da shi boko.

Sai na fara da rijiya, don ita ta tura ni.

Rijiyarmu tana arewa da gari, kan hanyar Tagiris. Gida uku suka haƙa ta zamanin iyayenmu: gidan Arɗo Bammi na Fulani, gidan Agali na Buzaye, da gidanmu. Da bazara ruwanta ba ya isar kowa a lokaci ɗaya. Wanda ya fara shayarwa da sanyin safiya yakan samu ruwa garau. Na ƙarshe kuwa sai ya tsaya da dabbobinsa cikin rana yana jiran ruwa ya sake taruwa, ya jawo rabi ruwa rabi laka. Baba Nomau, sarkin rijiya, shi ke riƙe da tsarin wanda zai fara da wanda zai bi. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka shiga ramin, kuma muddin yana zaune ƙarƙashin aduwarsa babu mai gardama.

Isufu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Maradi, mutum mai iyali, amma Allah ya sa masa son ɗaukar hoto. Kafin rasuwar Baba Nomau ya zo da kamara ya yi kwana uku yana ɗaukar tsohon. Baba ya ce shi ba ya magana da ƙarfe, sai aka zaunar da ni a gefe inda ba a ganina, yana ba ni labari kamar yadda muka saba.

Bayan rasuwarsa rigima ta tashi. Ƙanena Idi, wanda ke kiwon shanunmu, ya ce mahaifinmu ne ya ciyar da mahaƙa da geronsa, don haka mu ya kamata mu fara. Wata safiya har an ɗaga sanduna. Ni na san abin da Baba ya faɗa da kunnena, amma ni ɗan gida ɗaya ne cikin ukun, ba a karɓar shaidata. Dattawa suka yanke cewa tunda maganar tsohon tana cikin na'urar Isufu, a gama fim ɗin a nuna wa kowa, abin da ya faɗa shi za a bi.

Isufu ya riga ya aika hotunan Kano wurin wata mata gwanar haɗa fim, aikin da shi yake kira montaj, su kuma can suke cewa tacewa. Ta aiko cewa tsohon ba shi da haƙora, kuma yana cusa kalmomin Fillanci da na Buzaye, sai an kawo wanda ya san bakinsa. Haka tafiya ta faɗo kaina.

Ranar tashi Isufu ya miƙo mini wani ɗan akwati baƙi, bai fi sabulu ba. Ya ce, "Kawu, wannan diski ita ce uwar. Duk abin da muka ɗauka yana ciki, na Kano kwafi ne. In ta faɗi ta fashe, shi ke nan." Na naɗe ta da ƙyalle na sa a gafakata tsakanin warƙoƙin littafina, na rataya a wuya. Muka shiga mota a tasha bayan asuba, awaki a sama suna kuka, wata tsohuwa kusa da ni da kaza a cinya. Wajen Kornaka taya ta fashe, muka sauka muka zauna gindin gawo. Tsohuwar ta dubi yadda na rungume gafakar ta ce, "Malam, jinjiri ne ka ɗauko ko laya?" Na ce mata tsoho ne. Ta matsa da kazarta can nesa.

Mun kwana Maradi gidan Isufu, matarsa ta yi mana tuwon gero da miyar kuka, wanda na riƙa tunawa daga baya. Da safe muka nufi iyaka. A Ɗan Isa muka nuna takardun shaida muka wuce. A ɗaya ɓangaren wani ma'aikaci mai fara'a ya ce in buɗe gafaka. Ya ga warƙoƙi ya ce masha Allah, sannan ya ga ƙyallen.

"Baba, mene ne wannan?"

"Baba Nomau ne, da rijiyarmu."

"Yana ina, shi Baba Nomaun?"

"Ya rasu bara."

Ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Sai da Isufu ya matso ya yi bayani. Ma'aikacin ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, sannan ya ce, "Ku wuce, Allah ya ji ƙansa. Ku gaishe da rijiyar."

Daga Jibiya zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Kano, harshe ɗaya muke yi da mutane, amma gaisuwarsu gajera ce. Kafin ka gama tambayar lafiyar gida mutum ya kai ƙofa. A Kano na ga hanya ta hau kan hanya, motoci a sama motoci a ƙasa. Muka shiga wata 'yar keke mai ƙafa uku da suke kira adaidaita sahu, direban yana kutsawa inda ni ba zan tura akuya ba. Ban daina salati ba sai da muka sauka.

Masaukinmu ɗaki ne a saman wani kanti. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayan gidansa. Isufu ya nuna mini wani ƙarfe ya ce in na gama in danna. Na danna, sai ga ruwa fari tas ya zubo ya wuce, ruwan da zai shayar da akuya biyu. Na tsaya ina kallon inda ya bi. Tun daga ranar butata nake ɗauka. Abinci kuwa, gurasa da nama sun yi mini daɗi. Shayinsu ne ban gane ba: kofi ƙato cike da madara, a kurɓe a tsaye a tafi. Babu gawayi, babu zama, babu zubin fari da na biyu da na uku irin namu.

Washegari muka je wurin aikin. Ɗaki ne marar taga, sanyi kamar cikin randa, an manne bangonsa da soso don kada ƙarar titi ta shigo. Mai aikin Hajiya Rabi ce, mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, da tabarau da mayafi, gabanta allunan gilashi biyu. Ta gaishe ni har ƙasa, ta sa aka ba ni kujera mai juyawa, wadda ta kusa kayar da ni.

Ta danna wani abu. Sai ga Baba Nomau zaune ƙarƙashin aduwarsa, da rawaninsa mai datti a gefe ɗaya, da ƙudan da ke damunsa. Ya dubo ni ya ce, "Habu, ka kwana lahiya?" Wallahi ban san lokacin da na ce "Lahiya lau, Baba" ba. Babu wanda ya yi dariya a ɗakin. Hajiya Rabi ta ɗora yatsa ɗaya, tsohon ya tsaya cak da bakinsa a buɗe, ƙudan ma ya tsaya a iska. Ta bar ni na share idona, sannan ta sake shi ya ci gaba.

Na ga abubuwa a ɗakin nan da har yanzu in na tuna sai in yi tasbihi. Ta mayar da hoto baya, ruwa ya tashi daga kwamin shan dabbobi ya koma cikin wasaki, gugan fata, takarkarin da ke jan igiya ya yi tafiya da baya, igiya ta koma rijiya. Wani wuri da rana ta ƙone hoton fuskar Baba ta yi duhu, ta murɗa wani abu a hankali har tsagar kumatunsa ta fito. A ƙasan allon akwai dogayen layuka masu launi, guntu-guntu a jere, kamar ƙyallayen saƙa kafin a ɗinka su su zama gwado. Ta ce kowane guntu wani yanki ne na abin da aka ɗauka, aikinta shi ne ta zaɓa, ta yanke, ta haɗa, kwana uku su koma sa'a ɗaya. Na tambaye ta yadda take sanin mazaunin kowane guntu in ta ɗauke shi. Ta nuna mini wasu lambobi da ke gudu a kusurwa. Sai na buɗe gafaka na nuna mata ƙasan warƙa, inda muke rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, don in iska ta watsa littafi a iya jera shi. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ashe Malam tsohon ɗan sana'armu ne."

A ɗaki na kusa akwai Malam Sabo, mai gyaran sauti, siriri mai barkwanci. Na same shi durƙushe gaban faranti cike da yashi yana buga ɓawon kwakwa biyu a kai, wai takun shanunmu yake yi, don na ainihin bai fito ba. Na saurara na ce, "Wanga doki ne. Saniya mai ƙishirwa jan ƙafa take." Ya ce, "To Malam, zo ka zama saniyar." Na durƙusa na ja ɓawon cikin yashi. Duk wanda ya ga fim ɗin, takun shanun nan da ke zuwa rijiya hannuna ne.

Kwana biyu muna zaune, tana tsayar da Baba ina faɗa mata abin da ya ce. Rana ta uku, kafin azahar, muka iso wurin da aka aiko ni dominsa. Baba ya gyara zama ya ce, "Waɗanda za su fara sha su ne," sai hoto ya koma kan shanu suna sha a kwami, muryarsa ta ci gaba a kansu sumul: "gidan Malam Habu."

Na matso kusa da allon. Muryarsa ce, babu shakka, har da ɗan shaƙewar da yake yi. Amma ba haka ya faɗa ba. Na dubi Isufu, shi ma ya dube ni. Hajiya Rabi ta ce, "Nan babu matsala ko?" Na ji bakina ya ce, "Bari mu yi salla."

A hanyar masallaci Isufu ya rage murya. "Kawu, mu ba mu taɓa komai ba. Ba mu ce ta yi ba."

"Na sani."

"Ka tuna jar saniyar Kawu Idi da ta zubar da ciki bara, don tsayuwar rana? Kuma gaskiya ai kakanmu ya ciyar da su."

Abin da yake faɗa shi ne ke yawo a zuciyata. Babu wanda zai gane. Mutanenmu ba su san ana yanke magana a ɗinke ba tare da an ga ɗinkin ba. Za su ji muryar Baba su sunkuyar da kai, 'ya'yanmu da jikokinmu su riƙa shan ruwan safe. Na yi sallar nan ban san me na karanta ba, Allah ya gafarta mini. Da na sallame na zauna, sai malaminmu na Birnin Lalle ya faɗo mini a rai. Wata rana ina yaro ina kwafar littafi, na tarar warƙa ɗaya ta ɓata, sai na haɗa ta gaba da ta baya don maganar ta tafi daidai. Bai doke ni ba. Ya sa na wanke aikin sati guda, ya ce in bar wurin fari, mai karatu ya san akwai abin da ya faɗi.

Muka koma. Na ce, "Hajiya, tsakanin 'su ne' da 'gidan Malam Habu' akwai magana."

Ta ce, "Iska ce kawai, Malam, da tari. Bari ka gani." Ta jawo guntun da ta cire. Sai ga wata 'yar guguwa ta ratso bakin rijiya, kamara ta girgiza, Baba ya ja rawani ya rufe baki, ba a jin komai sai ruri kamar ana yaga tabarma. Da ta wuce ya sauke rawanin yana cewa "gidan Malam Habu." Ta ce ta cire ɓarnar ne, ta rufe ɗinkin da shanu, kamar yadda ake yi kullum.

Na gaya mata abin da ke ƙarƙashin iskar, da sandunan da aka ɗaga, da dattawan da ke jiran fim ɗin. Ta cire tabarau ta ajiye. "Inna lillahi. Kuma gidanku na sa a gaba?" Na ce e. Ta yi mini wani irin kallo. Can ta ce, "To ka shiga wurin Sabo ka faɗi abin da ya ce, mu ɗora muryarka. Bakinsa a rufe yake, zai zauna daidai."

Na ce, "Da shaidata na karɓuwa, da ban zo Kano ba. Kuma ba ni sa muryata a bakin wanda ke kabari."

Malam Sabo, da ke tsaye bakin ƙofa, ya ce wa Isufu, "Malam, ba ka maƙala masa 'yar ƙaramar makirfo a riga ba?" Isufu ya dafe kai. Ya maƙala, a ƙarƙashin rawani, amma bai aiko da wannan sautin ba don ya ga na kamara ya isa. Yana cikin uwar. Na zare gafaka daga wuyana, na warware ƙyallen.

Abin da Malam Sabo ya yi daga nan har bayan la'asar shi ne mafi girman abin da na gani a tafiyar. Ya mayar da sauti hoto, ya zama kamar tuddai da kwaruruka a kan allo. Ya nuna mini wani baƙin hadari ya ce iskar ke nan, ya nuna wasu siraran zare a cikinsa ya ce mutum ke nan. Ya riƙa ɓare iskar kaɗan-kaɗan kamar mai ɓare albasa, ya saurara, ya mayar, ya sake. In ya cire da yawa muryar ta zama kamar ta cikin tulu, sai ya koma baya. Barkwancinsa duk ya tsaya. Daga ƙarshe ya ɗora mini abin ji a kunne.

Daga can ƙasa, siririya amma kowace kalma a tsaye, na ji Baba Nomau: "Gidan Arɗo Bammi, don takarkarinsu ya fid da ƙasar ramin. Sai gidan Agali, raƙumansu sunka kawo icce. Sannan gidan Malam Habu."

Na ce Allahu akbar. Maganar da iska ta ɗauka a jejin Dakoro, ga ta an tono ta a wani ɗaki a Kano. Na yi tunanin in ɗan Adam da 'yar dabararsa ya iya wannan, to ina ga ranar da za a buɗe wa kowa abin da ya faɗa a ɓoye, har da abin da ni da Isufu muka faɗa a hanyar masallaci.

Na roƙi Hajiya Rabi abu ɗaya: ta bar wurin nan yadda yake tun daga farko har ƙarshe, da guguwar, da girgizar, kada ta rufe da shanu, mutane su ga babu hannun da ya shiga. Ta ce, "Malam, wannan zai zama wuri mafi muni a duk aikin da na taɓa yi." Ta mayar da tabaranta ta bar shi.

Dawowa ba ta da labari, sai dai ma'aikacin nan na iyaka ya gane ni ya ɗaga murya, "Baba, yaya tsohon?" Na ce ya yi magana.

An nuna fim ɗin a bangon lakwal bayan magariba, gidajen uku duk suna zaune. Da Baba ya ce "Habu, ka kwana lahiya?" mata suka fashe da kuka. Da aka zo wurin guguwa kowa ya yi tsit. Arɗo na yanzu ya ce a maimaita, aka maimaita sau uku. Babu wanda ya yi gardama. Dattawa suka shafa fatiha.

Isufu bai iya riƙe baki ba, ya gaya wa Idi yadda muka tarar da fim ɗin da farko. Kwana huɗu Idi bai gaishe ni ba. Rana ta biyar na bi shi rijiya. Fulani suka shayar suka tafi, Buzaye suka shayar suka tafi, muka tsaya da shanunmu rana tana dukan kai, muna jiran ruwa ya taru. Na zauna gindin aduwar Baba. Na kasa kunne yadda na ga Malam Sabo yana yi, har na ji ɗigar ruwa can ƙasa, abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata.

Idi ya zo ya tsaya a kaina. "Yaya, ka tahi har Kano ka sawo muna rana."

Na ce, "Haka ne."

Ya jefo mini igiya. "To tashi ka ja, tunda kai ka zaɓa."

Na tashi na ja. Wasakin ya fito rabi ruwa rabi laka. Na juye a kwami, jar saniyar ta matso ta sa baki. Idi ya tsaya yana kallona har na ja na uku, numfashina ya fara sama-sama. Sai ya yi tsaki, ya karɓe igiyar daga hannuna ya ce, "Koma inuwa, tsoho, kada ka faɗa ciki a ce sai an kai ka Kano an tono."

Alhamdu lillahi. Allah ya ji ƙan Baba Nomau, ya ba mu damina mai albarka.